Haɗa Gadon Farantin Sola a Wuri Mai Nisa da Yanayi Mai Tsanani: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda yake zaune inda wayar lantarki ba ta kai ba yakan daɗe yana tunanin faranti da batir da inbata, sai a ƙarshe ya tattara ragowar ƙarafuna ya haɗa abin da zai ɗora farantan a kai. Daga nan yawancin asara take farawa. Faranti mai kyau yana iya shekara 25 yana aiki, amma gadon da ba a haɗa da hankali ba yana iya zubar da shi a dare guda. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi kan wannan aiki.

Mene ne ainihin aikin gadon?

Aiki uku ne: ya fuskantar da farantin ga rana, ya ɗaga shi daga ƙasa don iska ta ratsa ta bayansa, ya kuma riƙe shi ranar da hadari ya taso. Na farko da na biyu kowane gado yana yi. Na ukun ne ke bambanta aikin kirki da na jeka-na-yi-ka.

Tunda faranti ba shi da nauyi sosai, me zai sa a yi masa gado mai ƙarfi?

Ba nauyin farantin ake yi wa gado ba, iska ake yi wa. Babban faranti irin na wat 550 tsawonsa wajen mita 2.3 ne, faɗinsa mita 1.1, nauyinsa bai kai kilo 30 ba. Mutum biyu suna ɗaukarsa ba wahala. Amma faɗin fuskarsa ya kai murabba'in mita biyu da rabi, kuma duk wannan fili iska ce take kamawa.

Iskar da ke gudun kilomita 100 a awa tana danna kowane murabba'in mita da ƙarfin da ya kusa kilo 50 idan ta same shi gaba da gaba. Farantai huɗu a jere ke nan suna fama da abin da ya kusa kilo 500. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne ƙarfin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. Idan gudun ya ninka biyu, ƙarfin huɗu yake ninkawa. A gudun kilomita 150, farantan nan huɗu suna ɗauke da fiye da tan guda.

Sannan mafi munin iska ba wadda ta zo ta gaba ba ce, don ita ƙasa take danna farantin, ƙasa kuwa tana tokare shi. Wadda ta zo ta baya, ta shiga ƙarƙashin ɓangaren da ke sama, ita ce take ɗaga shi kamar yadda take yaye rufin ɗaki. Saboda haka duk lokacin da kake duba wata mahaɗa a jikin gadon, kada ka tsaya kan ko za ta iya ɗaukar kaya. Ka tambayi kanka: idan aka fizgi wannan sama, me zai riƙe shi? Ƙafar da aka ajiye a kan bulo tana ɗaukar nauyi lafiya lau, amma ba ta da abin da za ta ce wa iskar baya.

A ƙasa zan kafa ko a kan rufi?

Idan kana da fili, ka kafa a ƙasa. Iska ta fi ƙarfi a sama, musamman a gefen rufi da kusurwoyinsa. A ƙasa kana iya wanke farantan, ka ɗaure notin da ya saki, ka sauke su idan babbar guguwa tana tafe, duk ba tare da tsani ba. A wurin da asibiti yake da nisa, rage hawa sama ma wani abu ne da ya kamata a saka a lissafi.

Idan dole sai rufi, notin ya ratsa har cikin katakon ko ƙarfen da ke ɗauke da rufin, kada ya tsaya a jikin kwano kawai. Ka matsa daga gefen rufin, ka bar kamar rabin mita ko fiye, ka kuma toshe kowace huda da roba da gam mai hana ruwa. Kafin wannan duka, ka tabbata shi kansa rufin a ɗaure yake da bango.

Ƙarfe, alminiyom ko katako?

Ni dai ƙarfe nake zaɓa ga mai aiki da hannunsa: ana samunsa, ana yanka shi da zarto, kowane mai walda ya san shi. Ƙarfen angul mai milimita 40 a 40 da kaurin milimita 4 yana isar ƙaramin gado, mai 50 a 50 da kaurin 5 kuma ya fi kwanciyar hankali idan farantan manya ne. Ƙafafu kuwa a yi su da fayif mai inci biyu wanda kaurin jikinsa ya kai milimita 3. Siririn fayif mai kusurwa huɗu da ake yin kujera da shi bai dace ba, don daga ciki yake ruɓewa, kana ganin fenti a waje alhali ciki ya zama gari.

Mafi kyau shi ne ƙarfen galbanayis, wanda aka tsoma a narkakkiyar tutiya mai zafin wajen digiri 450. Idan ba a samu ba, a goge baƙin ƙarfe har ya yi haske, a shafa masa fentin hana tsatsa, sannan fentin mai hawa biyu.

Alminiyom ba ya tsatsa kuma ba shi da nauyin ɗauka zuwa nesa, sai dai ya fi ƙarfe lanƙwasa, waldarsa kuma sai da inji na musamman. Katako yana aiki idan mai tauri ne ko an jiƙa shi da magani, amma kada ya taɓa ƙasa inda ake da gara, a ɗora shi kan gindin ƙarfe ko kankare. A kuma haɗa shi da noti mai ratsawa, don ƙusa zarewa take yi idan iska ta yi ta girgiza ta.

Walda ta fi ko ɗauri da noti?

Kowanne da wurinsa. Ƙafa da maƙallanta a yi musu walda a inda akwai wuta, sauran jikin gadon kuma a huda shi, a kai shi gunduwa-gunduwa, a haɗa da noti a can. Amfanin haka shi ne duk abin da ya lanƙwashe nan gaba, sifana biyu sun isa a cire shi a sa wani. Gadon da aka yi wa walda gaba ɗaya, ranar da ya tsage sai an nemo janareto da injin walda an kai su daji.

Noti mai milimita 10 ko 12 ya dace da jikin gado. Kowanne a sa masa washa, sannan a kulle shi: ko da noti mai roba a ciki, ko a ɗora noti na biyu a matse su da juna. Iska ba ta kwance noti a rana ɗaya. Girgiza ce ta wata da watanni take sassauta shi.

Gargaɗi ga mai yi wa galbanayis walda: farin hayaƙin tutiya yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. A goge tutiyar daga wurin da za a yi waldar, a yi aikin a fili, bayan an gama a rufe wurin da fenti mai tutiya, don tsatsa daga bakin walda take fara ci.

Yaya zurfin ramin ƙafafu zai kasance?

Ka ɗauki tushen a matsayin nauyin da zai hana gadon tashi. Murabba'in mita ɗaya mai zurfin mita ɗaya na kankare yana da nauyin wajen kilo 2,400. Ramin da faɗinsa santimita 40 a 40 ne, zurfinsa 80, yana cin kankare mai nauyin kilo 300. Ƙafa huɗu ke nan sun ba ka kilo 1,200, ban da riƙon da ƙasa take yi musu. Wannan ya dace da gadon farantai huɗu a ƙasa mai tauri. Ƙafafun baya, wato dogayen, su ne iskar baya ta fi fizga, don haka idan za a fifita wasu, su za a fifita.

Ka buɗe gindin ramin ya fi bakinsa faɗi, yadda kankaren ba zai zare kamar turke ba. A ƙasan kowace ƙafa ka yi waldar guntun rodi a gicciye, don sulɓin fayif kaɗai ba ya kama kankare da kyau. Kwaɓin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu ya wadatar, kuma kada ruwa ya yi yawa. Saman kankaren ya ɗan fi ƙasa tudu, da gangare, don kada ruwa ya kwanta a gindin ƙarfe. Ka toshe bakin fayif ɗin na sama.

Sai haƙuri. Kankare yana son a riƙa jiƙa shi har kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Kada ka ɗora farantai kafin sati ya cika.

Irin ƙasar ma tana da magana. Rairayi ba ya riƙo, sai a ƙara faɗi da zurfi. Laka mai tsagewa da rani ta kumbura da ruwa tana motsa tushe mara zurfi. A ƙasashen da ƙasa ke daskarewa da sanyi, dole tushen ya wuce iyakar inda daskarewar take kaiwa, in ba haka ba ƙasa za ta riƙa tura ƙafar sama shekara bayan shekara. A kan fa kuwa, huda dutsen ake yi a dasa noti.

Idan kai siminti da ruwa wurin yana da wuya fa?

Akwai mafita. Ana iya yi wa gadon faffaɗan gindi a kwance, a ɗora masa kwandon ragar waya mai kauri, a cika da duwatsu. Amma a lissafa nauyin, kada a dogara da ido: abin da kankare zai ba ka, shi za ka nema a dutse, kuma kwandon ya zama a ɗaure yake da gadon. Wata dabarar ita ce a binne guntun ƙarfe mai faɗi a kwance a zurfin mita guda, a ɗaura masa sarƙa ko rodi zuwa ƙafar baya, a mayar da ƙasa ana daddaɓewa hawa-hawa. Kafin iska ta ɗaga gadon sai ta ɗaga duk ƙasar da ke kan ƙarfen.

Gadona yana lilo idan na tura shi da hannu. Kaurin ƙarfe zan ƙara?

Yawanci tokari ne babu. Ƙarfe huɗu da aka haɗa murabba'i suna iya karkacewa ko da masu kauri ne, amma uku da aka haɗa kusurwa uku ba sa motsi. Ka duba gadon ta gefe: ƙafar gaba, ƙafar baya da ƙarfen da ke ɗauke da faranti, a sa musu tokari a karkace. Ka duba ta baya: tsakanin dogayen ƙafafun a gicciya ƙarfe biyu. Wannan na bayan shi aka fi mantawa, shi ne kuma yake hana gadon kwantawa idan iska ta zo ta gefe. Tazarar ƙafa da ƙafa kada ta wuce mita biyu.

Ina faranti zai fuskanta, kuma yaya kwanciyarsa?

Wanda yake arewa da layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, ya fuskantar da shi kudu, wanda yake kudu da layin ya fuskantar da shi arewa. Ba sai da na'ura ba: ka kafa sanda a miƙe, lokacin da inuwarta ta fi gajarta da tsakar rana, layin inuwar shi ne kudu da arewa. Kamfas yana ruɗewa kusa da ƙarfe.

Kwanciyar kuwa, a daidaita ta da nisan wurin daga ikwaita a ma'aunin digiri: wurin da ke digiri 30, faranti ya tashi digiri 30. Kusa da ikwaita kada a shimfiɗa shi sarai, a ba shi digiri 10 zuwa 15 don ruwan sama ya wanke ƙura ya gangare. Inda iska ta fi zama barazana, rage tashin farantin da 'yan digiri ba ya rage wuta sosai a shekara, amma yana rage abin da iska take kamawa. Wannan ciniki ne da nake ganin ya dace a yi.

A kula da inuwa. Ƙwayoyin faranti a jere suke kamar sarƙa, inuwar reshe ɗaya ko ta turken shinge tana iya kashe sulusin faranti. Ka tsaya a wurin da safe da yamma ka gani, ka kuma tuna rana tana yin ƙasa a lokacin sanyi, inuwa tana ƙara tsawo.

Yaya zan ɗaure farantin da gadon?

A bayan firam ɗin alminiyom da ke kewaye da kowane faranti akwai hudojin da kamfani ya yi, yawanci na noti mai milimita 8. Su za ka yi amfani da su, aƙalla huɗu, a dogayen ɓangarorin, wajen rubu'in tsawon daga kowane baki. Kada ka yi sabuwar huda kusa da gilashi, kada kuma ka toshe ƙananan hudojin da ruwa ke fita.

Akwai maƙallan da ke danne firam ta sama, suna da saurin aiki. Amma bayan guguwar Irma da Maria sun ratsa tsibiran Karebiyan a 2017, cibiyar Rocky Mountain Institute ta Amurka ta bi tashoshin sola da suka tsira da waɗanda suka rushe, ta fitar da rahoto a 2018. Cikin abubuwan da ta samu a waɗanda suka rushe akwai notin da ya saki, da dogaro da maƙallan sama, da rashin tokarin gefe. Shawararta ita ce noti ya ratsa firam ɗin kansa, a kuma kulle shi. Maƙalli ɗaya farantai biyu yake riƙewa, idan ɗaya ya fita sai na kusa da shi ya saki, haka har jeren ya ƙare.

Ka bar santimita ɗaya zuwa biyu tsakanin faranti da faranti. Alminiyom yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, yana bukatar wurin motsi.

Me ke sa farin gari yana fitowa inda firam ya haɗu da gado?

Idan ƙarafa iri biyu suka haɗu, ga danshi, ɗaya yana cin ɗaya, kuma alminiyom ne ke shan kashi a gaban baƙin ƙarfe da jan ƙarfe. A sa guntun roba a tsakaninsu, ko tsohon tiyub ɗin taya ma yana yi. Notin faranti ya zama na sitenles, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma a bakin teku, inda gishiri ke cikin iska, a nemi mai lamba 316. A ɗan shafa wa zaren notin giris, don sitenles yana cijewa ya ƙi kwancewa. Katakon da aka jiƙa da magani mai jan ƙarfe shi ma kada ya taɓa firam.

Nawa zan ɗaga shi daga ƙasa?

Bakin ƙasa na farantin ya yi rabin mita zuwa mita ɗaya. Hakan yana raba shi da fantsamar laka, da ciyawa, da rairayin da iska ke tarawa, da dusar ƙanƙarar da ta zamo. Ga kuma sanyaya: an auna ƙarfin faranti ne a zafin digiri 25, kowane digiri da ya ƙaru kuma yana rage wajen kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari. A kan rufi a bar aƙalla santimita 10 a ƙarƙashinsa. Amma kada a ɗaga fiye da bukata, doguwar ƙafa iska take ba dama.

Ƙanƙara da dusar ƙanƙara fa?

Farantin da ya cika ƙa'idar gwajin farantai ta duniya mai suna IEC 61215 an jarraba shi da ƙwallon ƙanƙara mai milimita 25 a gudun mita 23 a sakan, don haka ƙanƙarar yau da kullum ba ta fasa shi. Manya suna fasawa, kuma farantin da ke tsaye-tsaye ya fi tsira, don dukan ba ya samunsa kai tsaye. Dusar ƙanƙara kuwa nauyi ce: jiƙaƙƙiya mai kaurin santimita 30 tana iya kai kilo 90 a murabba'in mita. A irin wannan wuri a ƙara tashin farantin da kamar digiri 15, a kuma ƙara wani ƙarfe a tsakiya, ƙarƙashin farantin.

Shin gadon ƙarfe yana jawo aradu?

Gadon da ke kusa da ƙasa ba ya ƙara haɗarin sosai, sai dai idan shi ne abu mafi tsawo a kan tudu. Abin da ya fi yawan ƙona inbata shi ne wutar da ke bin waya idan aradu ta faɗi a kusa. A kafa rodin atin, wato sandar da ke kai wuta cikin ƙasa, mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi kusa da gadon, a haɗa shi da gadon da firam ɗin kowane faranti da wayar jan ƙarfe mai kauri, gajeriya, ba naɗe-naɗe. Firam yana da wani rufi da wuta ba ta ratsawa, saboda haka a yi amfani da hudar atin da washa mai haƙora, da kan waya mai rufin kuza don kada jan ƙarfe ya taɓa alminiyom. A ƙara da na'urar tare hauhawar wuta kafin inbata. A busasshiyar ƙasa rodi ɗaya ba ya isa, a kafa biyu ko uku a haɗa su. Babu wani atin da ke ba da tabbacin tsira idan aradu ta faɗo kan gadon kanta, kuma idan ana walƙiya kada kowa ya je kusa.

Wayoyi da dabbobi?

Wayar da ke lilo tana gogar ƙarfe har rigarta ta yanke. A ɗaure ta a inuwar bayan faranti, kada mahaɗarta ta kwanta a ƙasa. Maɗaurin roba fari rana tana cinye shi, a nemi baƙi mai jure rana ko na ƙarfe. Wadda za ta tafi ɗaki a zura ta cikin bututu a binne saboda ɓera. Shanu suna susa a jikin ƙafa, awaki suna hawa, don haka a yi shinge, a matsar da shi yadda inuwarsa ba za ta kai ba. A share busasshiyar ciyawa a kewaye saboda gobarar daji.

In yi gado mai bin rana da kansa?

Ban ba da shawara ba. Yana ƙara wuta, amma kowace gaɓa mai motsi wuri ne da ƙura ke shiga, iska kuma ke sassautawa. Ƙara faranti ɗaya ya fi sauƙi. Abin da za ka iya yi shi ne ƙafar baya mai hudoji biyu ko uku, wadda za ka riƙa sauya wa wuri da hannu, kuma hudar ƙarshe ta zama wadda za ta kwantar da farantan gaba ɗaya.

An ce babbar guguwa tana tafe. Me zan yi?

Idan farantan ba su da yawa, ka kashe wuta daga inbata da makunnin farantai, ka rufe fuskarsu, ka cire mahaɗar wayoyi, ka sauke su ka shigar ɗaki tun iska ba ta fara ba. Kada ka cire mahaɗa ana jan wuta. Idan ba za su sauku ba, ka kwantar da su, ka bi kowane noti, ka kwashe kwano da itace da duk abin da iska za ta iya jifa da shi.

Sau nawa zan riƙa duba gadon?

Wata guda bayan kafawa ka sake matse kowane noti, don sabon aiki yana zama. Daga nan sau biyu a shekara, ɗaya kafin lokacin hadari, da kuma bayan kowace iska mai ƙarfi. Ka ja layin fenti daga kan noti zuwa jikin ƙarfe, ranar da layin ya rabu ka san ya motsa. Ka duba gindin ƙafafu ko ruwa ya zaizaye ƙasa, ka goge tsatsa tun tana ɗigo ka shafa fenti. Wanki kuwa da sassafe ake yi kafin gilashi ya yi zafi, da ruwa da tsumma mai laushi. Ka ajiye sifana biyu, noti da washa goma-goma, gwangwanin fenti da guntun angul ɗaya a wurin da kowa a gidan ya sani.